Ƙarfi, Aiki da Saura: Tsokaci a Kan Hausar da Ake Taimaka wa Ɗalibai da Ita a Darussan Fiziks da Lissafin Kwamfuta a Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Idan ɗalibin sakandare a Salaga ko Yendi ko Bawku ya koma gida da aikin fiziks da ya gagare shi, sau da yawa wurin mutum yake nufa, ba wurin littafi ba. Ko dai yayansa da ya riga shi zana jarrabawar WAEC, ko mai hidimar ƙasa da aka turo garin, ko malamin darasin yamma. Tambayar da Turanci take a rubuce, amma a unguwannin zango da Hausa bayanin yake fita. Wannan bayani na baka, wanda babu hukumar da ta tsara shi kuma babu mai duba shi, shi wannan takarda za ta yi wa tsokaci. An taƙaita nazarin a kan abubuwa biyu da ɗalibi ke fara cin karo da su, wato lissafin enaji a fiziks, da ƙananan lissafe-lissafe a darasin rubuta umarnin kwamfuta.

Ra'ayin takardar shi ne, inda bayanin ke tuntuɓe ba ƙarancin kalmomi ke jawo shi ba. Gaggawar musanya kowane sunan Turanci da sunan Hausa mafi kusa ita ce ke jawo shi, alhali albarkar Hausa a wannan fage tana cikin aikatau da ginin jimla. An kawo misalan cikin Daidaitacciyar Hausa, duk da cewa Hausar waɗannan garuruwa, wato Gananci, ta sha bamban da ita, domin masu magana da yawa ba su bambanta ƙ da k, kuma ba su kula da jinsi.

2.0 Matsayin Hausa a Garuruwan Uku

Babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da yake ƙasar Hausa. Salaga ta Gonjawa ce, Yendi ita ce fadar Ya-Na, sarkin Dagomba, Bawku kuwa, wadda ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, gari ne na harsuna da yawa, ciki har da Kusal da Mamfuruli da Bisa. Fataucin goro ne ya kai Hausa can. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su bi ta Sansanin Mango da Yendi su sauka Salaga, inda goron dazuzzukan Asante ke jiran su. Kasuwar ta fara ja da baya bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin. Daga cikin waɗanda suka bar shi har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan da aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete Karaci a 1934. Kasuwa ta tashi, harshen ya zauna.

Sai dai zaman nasa bai kai shi cikin aji ba. Gidan rediyon ƙasar Gana ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma da aka ƙaddamar da shirin koyar da karatu da harshen gida a ƙananan azuzuwa a 2009, harsuna 11 aka zaɓa, akwai Gonja da Dagbani, babu Hausa. Ko a Nijeriya ma, inda aka yi aikin keɓaɓɓun kalmomi, jerin kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsuna tara da aka buga a 1987 a matakin firamare ya tsaya, ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kuwa na harshe da adabi da dabarun koyarwa ne. Ke nan mai taimaka wa ɗalibi a Bawku ba shi da madogara sai kunnensa: abin da ya ji a gida, da abin da ya ji a rediyo.

3.0 Kalma Ɗaya, Ma'auni Uku

Salaga gari ne da ya yi suna da yawan tsofaffin rijiyoyi, don haka bari a ɗauki misali daga bakin rijiya. Yarinya ta jawo guga mai cin lita 10, wato ruwa mai nauyin kilogiram 10, daga zurfin mita 8, cikin sakan 16. Tambayoyi uku littafin fiziks zai yi a kan wannan. Na farko, da me take jan igiyar? Ƙasa tana jan kowane kilogiram da kimanin niyuton 10, saboda haka niyuton 100 ne. Na biyu, nawa ne enajin da ta zuba wa ruwan? A buga 100 sau 8, ya ba da jul 800. Na uku, da wane sauri ta yi hakan? A raba 800 gida 16, ya ba da wat 50. Turanci ya keɓe wa kowanne sunansa, waɗanda ɗalibai ke furtawa fos da enaji da fawa. Ga yadda bayanin kan fita da Hausa:

(1) Ƙarfin da take jan gugan da shi 100 ne.
(2) Ƙarfin da ta kashe wajen jawo shi 800 ne.
(3) Ƙarfinta 50 ne.

Babu jimlar da ta saɓa wa nahawu a nan, kuma duk Bahaushe zai karɓe su. Amma ɗalibin da ya saurari ukun ya tashi da ƙarfi iri ɗaya mai amsa uku. Ana gane ɓarnar ne idan aka sauya tambayar kaɗan. A ce injin famfo ya ɗaga ruwan nan cikin sakan 2. Jul 800 yana nan yadda yake, wat ne ya tashi daga 50 zuwa 400. Idan aka tambayi ɗalibi ko enajin ya ƙaru, zai ce ya ƙaru, tunda inji ya fi yarinya ƙarfi. A Hausance ya faɗi gaskiya, a takardar jarrabawa kuwa ya faɗi.

Ya kamata a lura cewa wannan ba aibin Hausa ba ne ita kaɗai. A ƙarshen ƙarni na 17 Leibniz ya kira abin da ke cikin jiki mai motsi da kalmomin Latin masu ma'anar rayayyen ƙarfi. Thomas Young ya yi amfani da kalmar enaji a wannan ma'ana a 1807, amma ba ta kama ƙasa nan da nan ba, domin har 1847, lokacin da Helmholtz ya rubuta shahararriyar maƙalarsa a kan cewa enaji ba ya ɓacewa, kalmar Jamusanci mai ma'anar ƙarfi ya yi aiki da ita. Sai a shekarun 1850, ta hannun irin su Rankine da William Thomson, aka raba wa kowane ma'auni sunansa. Abin da ya ɗauki masanan Turai fiye da shekara 150, shi ake so yaya ya warware wa ƙaninsa tsakanin magariba da isha'i.

3.1 Makamashi

Wanda ya gane cewa ƙarfi ya yi wa enaji yawa, yakan koma ga makamashi, domin ita rediyo ta saba da ita. Ana jin ministan makamashi, da matsalar makamashi, musamman a shekarun 2012 zuwa 2016 da Gana ta sha fama da ɗaukewar wuta. A labarai kalmar ta zauna daram, kuma ba a nan ake ƙorafi da ita ba. A ajin fiziks ne take zama tarko.

Ma'anar makamashi ta asali ita ce abin da ake hura wuta da shi: itace, kara, gawayi, daga baya kananzir da fetur. Abu ne da ake gani, ake saye, yake ci, yake ƙarewa. Babbar ƙa'idar da ake son ɗalibi ya riƙe kuwa ita ce enaji ba ya ƙarewa, kamanni kawai yake sauyawa. Duk wanda ya ce wa yarinyar da ke hura murhu kullum makamashi ba ya ƙarewa, to ya faɗa mata abin da idonta ya ƙaryata. Haka kuma kalmar ba ta da abin cewa a kan dutsen da ke bisa katanga, ko ruwan tafkin Volta da mutanen Salaga ke tsallakawa daga Makango zuwa Yeji. Ruwan nan yana ɗauke da enaji saboda tsayinsa a bayan madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, kuma da shi ake juya injinan lantarki, amma babu abin da ke ƙonewa a cikinsa.

Illar ba a sunan kaɗai ta tsaya ba, domin suna yana jawo aikatau ɗinsa. Makamashi yana tafiya da ƙone da cinye da ƙare. Duk waɗannan 'yan rukuni na huɗu ne a tsarin aikatau na Parsons (1960), rukunin da ke nuna aiki ya game abu ɗungurungum, bai bar komai ba. A kwatanta:

(4) Da babur ya taka birki, makamashinsa ya ƙare.
(5) Da babur ya taka birki, enajin gudunsa ya koma zafi a birki da taya.

Jimla ta (4) ta rufe ƙofar tambaya. Ta (5) kuwa tana sa ɗalibi ya ce, "Yaya, to nawa ne ya koma zafin?", kuma wannan ita ce ainihin tambayar da jarrabawa ke yi. Abin lura shi ne, a (5) sunan na aro ne, amma koma, wadda ta ɗauki dukkan nauyin ƙa'idar, Bahaushiya ce. Haka rikiɗa da zama da juye za su yi wannan aiki.

Akwai masu ba da shawarar kuzari. Ta fi makamashi, don ba ta da alaƙa da wuta, kuma kuzarin motsi da ajiyayyen kuzari suna da daɗin faɗi. Rauninta shi ne sifa ce ta mai rai, kuma tana ɗauke da ma'anar hanzari, wanda ya fi kusa da abin da wat ke aunawa. Hanyar Larabci ma a buɗe take, ganin yawan makarantun da ke haɗa Arabiyya da boko a yankin, musamman tun kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta Gana a 1987. Sai dai kalma irin ƙudura ta riga ta zama ta tauhidi a kunnen Bahaushe, da wuya malami ya yarda ya auna ta da wat. Tunda da Turanci ɗalibi zai amsa jarrabawa, kuma enaji ta riga ta shiga bakinsa, barin ta ya fi sauƙin illa. Baƙuwar kalma dai fanko take zuwa, abin da aka zuba mata shi za ta riƙe.

3.2 Aiki

A fiziks, ana cewa an yi aiki ne kawai idan turi ko ja ya gusar da abu ta fuskar da ake tura shi. Matar da ta ɗauko kwandon doya a ka daga gona zuwa kasuwar Yendi, a miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, kanta sama yake tura kwandon, kwandon kuwa gaba yake tafiya. Bisa wannan ma'ana, turin da take yi sama bai yi wa kwandon aiki ba. Mai fassara kalma da kalma sai ya ce "ba ta yi aiki ba", wanda a Hausa ya kusa zama zagi, kuma babu ɗan da zai yarda a faɗi haka a kan mahaifiyarsa. Ɗalibi zai haddace don jarrabawa, amma a ransa ya ajiye cewa fiziks shirme ne. Gyaran ba shi da wuya: a ce ba ta ƙara wa kwandon tsayi ba, saboda haka ba ta ƙara masa enajin tsayi ba, gajiyar da ta yi kuwa enajin jikinta ne da ya koma zafi.

3.3 Ninki

Enajin motsi rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. Babur da mahayinsa masu kilogiram 150, a gudun mita 10 cikin sakan, wato kilomita 36 a awa, suna ɗauke da jul 7,500. Idan gudun ya kai mita 20, enajin ya zama jul 30,000. A nan aikatau ninka yana da harshen damo. Wanda ya ninka zane sau biyu ya sami rufi huɗu, amma a maganar yau da kullum "ya ninka sau biyu" na nufin abu ya zama biyunsa. Idan mai bayani ya ce gudu ya ninka, enaji ya ninka sau biyu, wani ɗalibi zai rubuta 15,000, wani 30,000, kuma kowa ya ji daidai. Faɗin "ya zama huɗunsa" ya kashe gardamar.

4.0 Lissafin Kwamfuta

Manhajar karatu da Gana ta fito da ita a 2019 ta sanya darasin kwamfuta tun daga aji huɗu na firamare. A nan lamarin ya juya. A fiziks Hausa tana da kalma ɗaya inda ake buƙatar uku, a lissafin kwamfuta kuwa tana da bambance-bambancen da mai bayani ke zubarwa da kansa, saboda yana karanta alamomi yadda aka koya masa da Turanci.

Harshen Python yana da alamomi uku na rabawa. Idan aka rubuta 347 / 100 zai ba da 3.47, idan aka rubuta 347 // 100 zai ba da 3, idan kuma aka rubuta 347 % 100 zai ba da 47. Bayanin da aka saba ji shi ne, na farko rabawa ne, na biyu ma rabawa ne amma a yar da abin da ke bayan ɗigo, na uku kuwa sai a ambaci sunansa na Turanci a wuce. Alamar % kanta tana ƙara dagula lamarin, don ɗalibi ya san ta a matsayin kashi cikin ɗari, abin da ba ruwansa da aikinta a nan.

Alhali wannan lissafi shi ne na kasuwar da ta kafa zangon Salaga. A cinikin goro, ƙwarya ɗaya goro ɗari ne. Duk yaron dillali ya san goro 347 ƙwarya uku ne da saura 47. Ƙwarya ukun ita ce amsar //, sauran shi ne amsar %. Babu abin da aka yar, an dai amsa tambayoyi biyu daban. Har ila yau, nahawun Hausa ya bambanta rabo iri biyu ta hanyar cikakken ninki:

(6) A raba goron gida uku.
(7) A raba goron uku-uku.

A (6) yawan kason aka sani, ana neman abin da ke cikin kowanne. A (7) abin da ke cikin kowane kaso aka sani, ana neman yawan kason. Turanci sai ya tsawaita jimla kafin ya fayyace wannan, Hausa kuwa maimaita kalma ɗaya ya ishe ta. Don haka 347 // 100 ba ya buƙatar sabuwar kalma: "a ƙirga goron ɗari-ɗari, kashi nawa ya cika?" Shi kuma 347 % 100, "nawa ya yi saura?" Da wannan ɗalibi zai iya mayar da fesuwa 1,250 zuwa sidi 12 da fesuwa 50, ko minti 200 zuwa awa 3 da minti 20, ba tare da an sake yi masa bayani ba. A nan ne ma ya dace a gargaɗe shi ya riƙa lissafin kuɗi da fesuwa zalla, domin kwamfuta da tsarin bibbiyu take ajiye lambobi masu ɗigo, shi ya sa 0.1 + 0.2 a Python ke ba da 0.30000000000000004.

4.1 Daidai

Kuskure mafi girma yana wajen alamar =. A ajin lissafi an koya wa ɗalibi karanta ta da "daidai yake da". Ranar da ya ga x = x + 1 a allo, sai a karanta masa:

(8) x daidai yake da x a tara da ɗaya.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin babu lambar da take daidai da kanta da ƙarin ɗaya, kuma ɗalibi mai kaifin basira shi ya fi shan wahala da ita. Gaskiyar magana, layin ba labari yake bayarwa ba, umarni ne:

(9) A ɗauki abin da ke cikin x, a ƙara masa ɗaya, a mayar cikin x.

Bambancin (8) da (9) bambanci ne da ɗalibin nahawu ya sani sarai, wato tsakanin jimlar bayani da jimlar umarni mai amfani da wakilin sunan nan a. Hausa tana nuna shi ƙarara a sigar jimla. Inda kwamfuta ke son gwada daidaito kuwa, alama biyu take amfani da su, ==, kuma wannan tambaya ce: "shin x biyar ne?" Ga dirka ta dawo wurinta. Ke nan alamomi biyu da Turanci ke kira da kusan suna ɗaya, Hausa ta ba kowacce irin jimlarta.

Inda Hausa ke buƙatar taka-tsantsan shi ne jerin aiki. "Biyu da uku sau huɗu" na iya zama 20 ko 14, gwargwadon inda mai magana ya ja numfashi. Kwamfuta 14 za ta bayar, don tana fara bugawa kafin tarawa. Mai bayani sai ya yi aiki da sannan: a tara biyu da uku, sannan a buga sau huɗu, wanda ke nuna inda baka biyu za su shiga a rubuce.

4.2 Inda Darussan Biyu Suka Haɗu

Akwai aikin da ya haɗa matsalolin nan wuri ɗaya, wato a sa ɗalibi ya rubuta umarnin da zai lissafa enajin babur ɗin da aka ambata a 3.3. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a farkon shekarun 1970, ɗalibi zai kwafi ƙa'idar yadda take a littafi, ya rubuta 1/2*m*v*v, sai kwamfuta ta ba shi sifiri. Haka abin yake a Java, haka ma yake a Python kafin sigarta ta uku da ta fito a 2008. Dalili shi ne, a waɗannan harsuna idan lambobin biyu cikakku ne, alamar / rabon ƙwarya take yi. Tambayar da kwamfuta ta ji ita ce, "a ƙirga ɗaya biyu-biyu, kashi nawa ya cika?" Ko ɗaya bai cika ba, sifiri kuwa duk abin da aka buga shi da shi sifiri zai bayar.

Ɗalibin da aka koya wa cewa makamashi yana ƙarewa ba lallai ne sifirin ya dame shi ba. Wanda aka koya wa cewa / rabawa ce kawai zai ga kuskuren, amma ba zai san inda ya fito ba. Wanda aka yi wa bayani da ɗari-ɗari da saura kuwa yana da abin da zai binciki layin da shi, ya gane cewa 0.5 ya kamata ya rubuta a madadin 1/2, babur ɗin ya dawo da jul 7,500 ɗinsa.